Bangon da Ya Ƙi Bushewa

Me ya sa maigidana ya fi yin dariya a gaban wannan mutum fiye da yadda yake yi a gabana? Shekara arba'in da ɗoriya ina yawo da tambayar nan a ƙirji. Na binne maigidan ban yi masa ita ba. Yanzu ga amininsa ma mun raka shi, na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda ya rage da zai ba ni amsa ba.

Ni ban shiga aji ba. 'Yata ta biyu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana. In na yi kuka ta jira ni, in na faɗi abin kunya ta rubuta shi yadda ya fito. Wanda ya tafin nan ya ƙi jinin a shafa fenti a kan bango mai ciwo, to ni ma ba zan shafa wa labarinsa ba.

Ranar zaman makoki an kafa rumfa uku a ƙofar gidansa a Kudenda. Kujerun roba suka ƙare, sai da aka ɗebo benci daga coci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka 'yarsa ta fari ta kama hannuna ta kai ni layin gaba, ta ce, “Mama, nan ne wurinki.” Fasto ya ce duk mai shaida ya tashi ya bayar, minti bibbiyu. Babu wanda ya tsaya a minti biyu.

Wani tela daga kasuwar Kakuri ya fara. Ya ce wayar wuta ta taɓa cinna wa shagonsa gobara ana saura mako biyu Kirsimeti, kayan mutane da wuta ba ta ci ba, hayaƙi ya shige su. Marigayi ya zo da buhun gawayi, ya zuzzuba a kwanuka ya jera, ya rataye atamfofin a sama, ya rufe ƙofa kwana uku, sannan ya shanya su a inuwa. “Ko mace ɗaya ba ta ji ƙauri ba,” in ji telan, “kuma kun dai san hancin matan zumuntar coci.” Aka yi dariya da hawaye a fuska.

Sai wata mata 'yar Binuwai, mai aikin jinya da ta yi ritaya, Hausarta da ɗan gargada. Ruwa ya shiga ɗakinta, hotunan ɗanta da ya mutu suka manne da juna kamar waina. Ta ce ta riga ta jefa su cikin shara, shi ya tsamo su. Ya sake jiƙa su a ruwa mai tsabta, ya riƙa raba su ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza, ya rataye su a zare. Ta fito da ɗaya daga jakarta ta ɗaga sama, ta kasa ci gaba, aka zaunar da ita.

Daga nan wani tsohon Alhaji da ya ƙetaro gada tun da safe ya miƙe da sandarsa. Ya ce, “A shekarar da gari ya rikice aka ƙona mini gida. Lokacin kowa yana tsoron ƙetare kogin Kaduna. Wata safiya sai ga mutum biyu da tsani a kafaɗa, shi da abokin nan nasa, ɗan gajeren nan mai barkwanci. Wallahi mutumin nan yana bisa rufi yana kwaikwayon tafiyar manajan masaƙa, iyalina da suka yi wata biyu suna kuka sai ga su suna riƙe ciki.”

Mai barkwanci. Maigidana ake nufi. Mutumin da in ya shigo gida sai ya ce “sannunku,” ya wanke ƙafa, ya ci tuwo, ya kara rediyo a kunne. Na waiga na ga kawuna suna gyaɗawa daga rumfa zuwa rumfa. Ashe kowa ya san mai barkwancin nan, sai ni da na haifa masa 'ya'ya shida. Na fashe da kuka, matan zumunta suka rirriƙe ni suna cewa, “Mama, yi haƙuri, hutawa ya je.” Ba su san rabin kukan nan kishi ne ba.

Su biyun a masaƙa suka haɗu, a Kakuri, tun suna samari. Maigidana daga kudancin jihar nan ya zo, shi kuma daga kan duwatsun Filato. Ba yarensu ɗaya ba, Hausa ce ta haɗa su, da tsayuwa gaban inji ɗaya. Shi ne abokin ango ranar aurenmu. Tun ranar ya raɗa mini Amarya, bai sauya ba har na yi furfura, har haƙorana suka fara sallama. Ni kuwa Mai Tsani nake ce masa, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

Da masaƙa ta rufe, maza da yawa suka zauna a gindin bishiya suna jiran a buɗe. Shi bai jira ba. Ubansa magini ne, ya san cokalin gini tun yana ƙarami. Ya haɗa tsani da hannunsa, ya zo ƙofarmu da sassafe, ya buga ƙafar tsanin a ƙasa sau biyu. Maigidana ya ajiye kofin kunu bai shanye ba, ya fita. Haka aka yi ta yi, shekara ta bi shekara. Ƙum, ƙum, sai in ga bayan mijina. Kafin su sha kwanar layinmu har na fara jiyo dariyarsa, wata irin dariya mai fitowa daga ciki, wadda ba ta taɓa shigowa ɗakina ba.

Ba sabon gini suke yi ba, sabon gini yana da masu shi. Su inda wuta ta ci, inda ruwa ya kwana, inda funfuna ta yi baƙi a bango, nan ake kiransu. In Mai Tsani ya isa gida ba ya shiga kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe ido, ya shaƙa. “Wannan hayaƙin katifa ne.” Ko kuwa, “Wannan ruwan lambatu ne, ba na sama ba.” Sannan ya shiga ya kara kuncinsa a bango kamar mai jin zazzaɓin yaro, ya ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gini, ya saurara. Yakan ce, “Wuta ɓarauniya ce, ta ɗauka ta gudu. Ruwa kuwa suruki ne, in ya shigo sai ya ga dama yake tafiya.”

Ba ya zubar da komai daga gidan da ya ƙone sai matar gidan ta taɓa shi da hannunta ta ce a zubar, ko da murfin tukunya ne da ya lanƙwashe. Wannan yana cinye musu yini guda, masu gida maza su yi ta tsaki. Yakan ce wuta ta ɗauka ba ta tambaya ba, shi ba zai zama wuta ta biyu ba.

Taurin kai kuwa, ba a magana. Wani mai gidan haya ya taɓa ce masa, “Oga, abeg, ka shafa fenti kawai, masu haya suna jira.” Ya dube shi, ya saɓi tsaninsa. “Nemi mai kwalliya. Ni ba na sa wa gawa jan-baki.” Suka dawo ba aiki, ni kuwa ranar garin da ke cikin tukunyata bai kai gwangwani biyu ba. Maigidana bai ga laifinsa ba. Bai taɓa ganin laifinsa ba.

Nakan zuba wa maigidana faten acca a kula, in ɓoye tsokar nama biyu a ƙasa. Daga baya na gano cokali biyu ne ke shiga kular. Har saƙo ya taɓa aiko mini: “Ce wa Amarya gishiri ya yi kaɗan jiya.” Washegari na zuba barkono har sai da ni kaina na yi ta atishawa. Da yamma maigidana ya dawo idanu jajur, ya miƙo mini kula a wanke, ya ce, “Ya ce a gode miki, murarsa ta warke.” Na ga gefen bakinsa yana rawa. Nan na gane yini guda suka yi suna dariyata, ni ɗan rawar bakin nan kaɗai aka kawo mini gida.

Babban faɗanmu ranar miƙa autata a coci ne. Lahadi ce, na dafa shinkafa, maigidana ya sa sabon kaftani. Sai ga ƙum, ƙum a ƙofa. Ɗakin wata gwauruwa ya ƙone jiya, rufi ya tafi, ga hadari ya haɗu. Ina kallo mijina ya tuɓe kaftanin ya ninke. Na fito da jaririya a kafaɗa, ban damu da maƙwabta ba.

“Mai Tsani, kai ba ka da gida ne? Ko Lahadi ba za ka bar mini shi ba?”

Ya cire hula. “Amarya, jaririyarki tana da rufi. 'Ya'yan waccan matar ba su da shi. Kafin a rufe sujada zan dawo miki da shi.”

“Ka riƙe shi! Ka kai shi gidanka ka dafa masa!”

Ana waƙar ƙarshe suka shigo coci, da baƙin hayaƙi a bayan kunnuwansu. Wata bakwai ban amsa gaisuwarsa ba, shi kuwa bai fasa ko rana ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yana da gaskiya. Da mugu ne, da na tsane shi na huta.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Suna aiki ne a wani gida a Kamazou, inda tankin ruwa ya cika ya zubo cikin silin. Da rana tsaka ya sauko ya zauna a gindin mangwaro, ya ce ƙirjinsa. Kusan awa guda kansa yana kan cinyar Mai Tsani, daga gindin mangwaron, zuwa cikin keke, zuwa ƙofar asibiti, inda rai ya yi halinsa. Ni ina gida ina tankaɗe. Na ɗaga kai na ga mutum a ƙofa, ba tsani, ba maigida, hannu biyu a sake. Na zubar da garin.

Duk wanda ya tambayi Mai Tsani yadda aka yi, sai ya ce, “Ya tafi lafiya,” ya ja bakinsa ya rufe. Awa guda cur, a ce “ya tafi lafiya” kawai? Na san sun yi magana, mutanen da ba su taɓa yin shiru tare ba. Ina so in ji ko ya kira ni. Ko ya tambayi yara. Ko barkwancin ya yi ta yi har ƙarshe. Amma in buɗe baki in roƙi Mai Tsani abin da tun asali nawa ne? Na gwammace in haɗiye. Shekara shida na haɗiye, yana zuwa gaisuwa duk Kirsimeti da kaza a hannu, in karɓi kazar in ce an gode.

Daminar bara lambatun bayan gidanmu ya toshe, ruwa ya shigo ɗakina har gwiwa, ya kwana biyu. Da ya janye, babban ɗana ya sayo fenti ya shafe ko'ina, ɗaki ya yi fes. Ba a yi wata ba sai ga ɗigo-ɗigon baƙi suna fitowa ta ƙarƙashin fentin, fentin yana kumbura kamar ƙuna. Wari ya kama tufafina. Na fara tari mai hana ni rera waƙa a coci. Ɗana bai shawarce ni ba, ya je ya ɗauko Mai Tsani.

Ya tsufa lokacin, ya ajiye tsani, sanda yake dogarawa. Amma ya tsaya a bakin ƙofata ya rufe ido ya shaƙa kamar da. Ya dubi ɗana. “Kai ɗan abokina ne kuwa? Fenti mayafi ne, ba magani ba. Ubanka bai gaya maka ba?” Ya ɗauki gawayi ya ja layi a bango, kamu biyu sama da inda ruwa ya tsaya, ya ce daga nan zuwa ƙasa duk a fasa filastar.

Maigidana ne ya yi filastar nan da hannunsa. In rana ta shigo ta taga ana ganin sawun cokalinsa. Na tsaya a gaban bangon.

“Ka cinye shi da ransa, yanzu ɗan abin da ya bar mini za ka kankare?”

Ya ce, “Amarya, da yana nan, shi zai fara ɗaukar guduma. Ko so kike ki bi shi da tari?”

Na fita tsakar gida na toshe kunnuwa da ɗankwali. Suka fasa, shi yana zaune yana nuni da sanda, ɗana da wani birkila suna aiki. Aka wanke bulo da ruwan bilic mai kashe funfuna, aka fitar da katifata aka ce ta gama yayi, sai da na taɓa ta da hannuna na ce a zubar sannan ya bari aka ɗauka. Aka buɗe tagogi. Da aka gama, ya yanko farar leda mai faɗin faranti, ya manna a jikin bulo, ya liƙe gefunanta duka huɗu da salatif.

“Bango ba ya yi wa leda ƙarya,” ya ce. “Duk Asabar zan zo in duba. In ta yi gumi daga ciki, da sauran ruwa. Ranar da na same ta a bushe, sai a yi filasta, ki huta da ganina.”

Na ce, “Allah ya kawo ranar.”

Asabar ta farko leda ta yi gumi sharkaf. Ya sauya wata. Na kawo masa kunu don kada a ce matar abokinsa ba ta da tarbiyya. Ya zauna a kan turmi yana kallon tsiraicin bangon, sai kawai ya kama dariya shi kaɗai.

“Kin san ranar da na fara ganinsa? A ƙofar masaƙa, ya zo neman aiki daga ƙauye, takalmansa rataye a wuya don kada su cinye. Sai da ya iso get ya zauna ya sa su, kuma a karkace ya sa, hagu a dama. Mai gadi ya yi masa magana, ya ce ai haka ake sa su a garinsu.”

Ban so in yi dariya ba, ita ta ƙwace. Ya shanye kununsa, ya ɗauki sanda. Labari ɗaya, ya tafi.

Asabar ta gaba ya ba ni na manajan masaƙa, har ya tashi da sandarsa ya gwada mini tafiyar, ya ce, “Ni ban iya ba, shi ne gwani.” Wata Asabar ya tsallake gaba don na matsa masa, ya ba ni na ranar da maigidana ya taka ƙonannen silin ya faɗo cikin bahon jiƙaƙƙiyar dawa, ya ɗaga kai ya ce wa matar gidan, “Madam, an gama, yanzu ɗakinki zai sha iska.” Sannan ya ce kada in ƙara sa shi tsallake, daga farko ake fara gini. Ya koma baya ya ci gaba a jere, shekara bayan shekara, kamar mai auna hatsi da ƙaramin mudu.

Kowane labari zuma ne da ƙudan a ciki. In yi dariya har da hawaye, in ya tafi in zauna ina cizon yatsa. Ina ina lokacin? Ina gida ina tuƙa tuwon da zai ba shi ƙarfin yi wa wasu barkwanci. Na taɓa tambaya, “To ni fa? Ya taɓa maganata kuwa?” Ya ce, “Ba mu kai nan ba tukuna, Amarya.” Na ce, “Marowaci.” Ya ce, “Na ji. Ƙaro kunu.”

Amma ina lura da ledar. Gumin yana raguwa. Daga sharkaf ya koma raɓa-raɓa, daga nan ɗigo uku huɗu a kusurwa. Kafin Kirsimeti na duba ranar Alhamis na ga ta bushe ƙayau. Labari kuwa ko rufe masaƙa bai kai ba. Na lissafa da yatsu, na ga tsakaninmu da gindin mangwaron Kamazou akwai shekaru masu yawa. In bango ya bushe, shi ba shi da dalilin zuwa, ni kuma ba ni da bakin cewa ya zo.

'Yata, rubuta wannan, kada ki tsallake. Ranar Jumma'a da yamma na ɗebo ruwan rijiya a kofi. Na ɗaga gefen salatif a hankali, na tsoma yatsu na yayyafa a jikin bulo, na mayar na liƙe. Tsohuwa da jikoki, 'yar zumunta mai zama a layin gaba, ina jiƙa bangon ɗakina kamar mai shuka tattasai.

Ya zo Asabar, ya sunkuya ya daɗe yana kallon ledar. Ya ce, “Hmm. Da saura.” Ya zauna a kan turmi.

Haka muka shiga sabuwar shekara. Haka muka shiga rani, zafi ya yi zafi har kwanon rufi yana ƙara. Babban ɗana ya zo ya tarar da bulo a waje har yanzu, ya riƙe baki. “Baba, wannan bangon rijiya ce a cikinsa? Kogin Kaduna ma ya ja baya!” Mai Tsani bai ko kalle ni ba, ya ce, “Wani bangon akwai riƙo. A bar shi.”

Ga abin da ke hana ni cin abinci yanzu. Ina ganinsa yana ramewa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai silifa. In ya sauko daga keke sai ya jingina da katanga ya yi ta haki kafin ya iya cewa “Amarya.” Hayaƙin gidajen mutane na shekara da shekaru ya taru masa a ƙirji. 'Yarsa ta buga wa 'yata waya, ina ji, tana cewa likita ya ce ya zauna wuri ɗaya amma duk Asabar sai ya ce akwai bangon da bai gama ba. Na ji da kunnena. Jumma'a ta zo, na ɗauki kofi. Wayyo ni. Na ce a raina, shi ya sha shekara arba'in, ni 'yan Asabar kaɗan nake nema, ai bai biya ni ba tukuna.

A labarin muka zo shekarar maigidana ta ƙarshe. Muka zo watan ƙarshe. Wata Asabar ya ba ni labarin yadda aka kira su aikin Kamazou, yadda maigidana ya dubi tankin ya ce mai gidan ya fi kowa arziki, shi a cikin falo ake yi masa damina. Ya tsaya nan. Saura rana ɗaya tak. Jumma'ar nan na yayyafa ruwa har sau biyu.

Asabar na dama kunu, na share tsakar gida, na goge turmi. Rana ta take, ta karkata, kunu ya yi sanyi ya kwanta. Duk keken da ya tsaya a bakin layi sai in miƙe. Bai zo ba.

Lahadi daga sujada ban koma gida ba, na hau keke zuwa Kudenda. Tun da matarsa ta rasu ban taka gidan ba. Na same shi a barandar gidan, an jera masa filo uku a baya don kwance numfashi ba ya fita. Tsanin yana jingine a katanga, gara ta ci ƙafarsa ɗaya. 'Yarsa ta kawo mini kujera ta koma ciki.

Na ce, “Mai Tsani, ka yi fashi.”

Ya yi murmushi. “Amarya da kanta. Yau za a yi ruwa.”

Na zauna ina murza bakin zane. Na ce, “Bangon nan...”

Ya ɗaga hannu. Sai da ya huta kafin ya yi magana, kalma biyu, numfashi ɗaya. “Ruwan da ke fitowa daga cikin bulo, gumi yake yi ko'ina daidai. Naki kuwa da sawun yatsu huɗu. Kuma salatif ɗin a karkace kike mayar da shi.”

Da ƙasa ta tsage da na shige. “Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin Kirsimeti.”

“Ka sani, kana fama da ƙirji, ka yi ta hawan keke? Don me?”

“Duk garin nan in na ba da labarinsa dariya kawai suke yi. Ke kaɗai ce kike jin haushi. Ni kuwa mai jin haushin nake nema.”

Na yi kuka a gabansa, abin da ban yi ba ko ranar da ya zo mini hannu biyu a sake. Ya bar ni na gama. Sannan na yi abin da na ƙi yi shekara bakwai. Na sauko daga kujera na durƙusa, gwiwoyin nan nawa suna ƙara, na kira shi da abin da 'ya'yana ke kiransa.

“Baba, saura ɗaya. Gindin mangwaro. Don Allah ka ba ni.”

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Bangona yana nan yadda ya bar shi, bulo a waje daga ƙasa zuwa layin gawayi, ledar ƙarshe tana manne, a bushe. Ɗana ya ce mako mai zuwa zai kawo birkila, na ce to. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya sāka masa da gidan da ruwa ba ya shiga, wuta ba ta ci. Ya yafe mini Asabar ɗin da na ƙwata daga cikin kwanakinsa. Amma ba zan yi wa Allah ƙarya ba, har yanzu in na tuna ya riga ni isa, suna can su biyu, wataƙila ma ni suke yi wa dariya, sai kishin nan ya sake taso mini.

Ranar Lahadin nan, da na durƙusa, ya daɗe yana kallon tsanin da ke jikin katanga. Na zaci barci ne ya ɗauke shi. Sai ya juyo, ya sa hannunsa mai kaushi a kan nawa, ya ce:

“Amarya, ke kin samu gidansa, kin samu 'ya'yansa shida, kin samu sunansa. Ni kullum yamma ta yi sai ya wanke hannu ya ce mini, ‘Bari in tafi gida,’ ya bar ni da tsani a kan hanya. Ranar nan ɗaya ce bai tafi ba. Ki bar mini ita.”